Inda Muryar Auta Ta Karye

Yaya tana tsaka da ɗaura ɗankwali a gaban madubi waƙar ta sake shigowa ta taga. Ta ja tsaki, ta warware ɗaurin, ta sake farawa. Tun ɗazu yake karkacewa, ita ma kuma ta san ba laifin ɗankwalin ba ne.

Can bayan gida, bakin famfo, ƙanwarta Auta ce ke wanke zanen gadon da mijinta ya jiƙa kafin gari ya waye. Tana cuɗawa tana rera waƙa, har da kaɗa kai, kamar wadda aka yi wa albishir da mota.

Mijin nata, Direba, babbar mota yake ja a da. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a tasha, aka kwashe shi zuwa asibiti, ya fito da ɓarin jiki a shanye, baki a karkace, magana ta ɗauke. Kamfani ya karɓe motarsa. Mai gidan haya ya yi haƙuri har haƙurin ya ƙare. Yaya ce da kanta ta ɗauko motar kaya ta kwaso su, ta share musu ɗakin baya inda take jibge tsofaffin kujeru. Duk coci aka yi ta sa mata albarka.

Ta shirya wa kuka. Ta tanadi kalaman rarrashi, ta tanadi kafaɗa, har ta hango kanta tana share wa ƙanwarta hawaye tana cewa Ubangiji ba ya barci. Kukan bai zo ba. Waƙa ce ta zo, kullum safiya, ta ƙi ƙarewa. 'Ya'yan Yaya suka bar falo mai sanyi da talabijin suka koma cin abinci a kan tabarmar Auta. Shi kansa mijin Yaya, wanda kan yi mako bai yi dariya a gabanta ba, jiya ta jiyo shi yana ƙyalƙyatawa a ƙofar ɗakin bayan. Da ya shigo cewa ya yi, wai ɗakin nan ko kujera babu amma mutum ba ya son tashi.

Duk wannan ta haɗiye. Wanda ya tsaya mata a wuya shi ne na ranar Alhamis.

Tun tana budurwa Yaya ke ba da waƙa a cocinsu, har sunan Uwar Mawaƙa ya danne nata na yanka. Ita ta koya wa rabin mawaƙan numfashi, har da Auta. Ranar Alhamis, bayan gwajin waƙa, Fasto ya kira ta gefe ya ce Lahadin nan Auta ce za ta ba da waƙar yabo, ita kuma ta zauna a piyano tunda saurayin da ke kaɗawa ya yi tafiya. Ta ce Auta ba ta da natsuwa a halin da take ciki. Ya ce halin da take ciki ne ya sa yake so jama'a su ji ta. Ta ce waƙar ma ba a littafi take ba, Direba ne ya ƙirƙire ta a hanya. Fasto ya yi murmushi.

"Mama, ba ke ce kike gaya wa yara wanda bai iya amshi ba bai iya ba da waƙa ba? Lahadin nan sai ki nuna musu."

Da igiyarta aka ɗaure ta. Ta ce to, don ita ba a taɓa jin ta yi wa shugaba gardama ba.

Yanzu ga Lahadin ta zo. Maigida ya ciccibi Direba ya sa a kujerar gaban mota, ya naɗe keken guragu ya tura a but ɗin baya. Auta ta fito da gudu tana goge hannu, sanye da tsohuwar rigar da Yaya ta ba ta don ta matse ta. A jikin Auta sai ka ce don ita aka ɗinka. Ta shigo baya tana haki, ta ce Yaya ta yi mata addu'a, tsoro take ji tun asuba. Yaya ta ce ai wanda ya saba waƙa a bakin famfo ba ya jin tsoron jama'a. Auta ta kwashe da dariya, yaran suka taya ta. Babu wanda ya ji ƙayar da ke cikin maganar sai mai ita.

A ƙofar coci mata suka yi wa Auta caa. Wannan ta riƙe mata hannu, waccan ta gyara mata wuyan riga, wata ta durƙusa gaban keken Direba tana tambayarsa jiki, shi kuwa sai ido. Yaya ta wuce ta gefensu da jakarta. Matar Ma'aji ce kaɗai ta tare ta, ita ma da biyu.

"Uwar Mawaƙa, ashe yau hutu aka ba mu. Allah ya sa ba ritaya ba ce."

"Kya ji da kunnenki," in ji Yaya, tana murmushin da bai wuce haƙora ba.

Ta zauna a gaban piyano. Daga nan tana ganin kowa: Fasto a kan bagade, mawaƙa a jere cikin fararen riguna, Direba a bakin layin gaba an ɗaura masa tawul a ƙirji saboda yawu. Makirufon da ta riƙe shekara da shekaru, wanda ta naɗe wa baƙin salatif a gindi da hannunta, yana kan sandarsa yana jiran wata.

Wa'azin bai shiga kunnenta ba sai gutsure-gutsure. Fasto yana cewa yabon da aka yi ciki a ƙoshe kowa ma ya iya, Ubangiji kuwa yana neman wanda zai bi shi ko da bai ga inda aka dosa ba. Kowace jimla jama'a su ce amin, su waiwayi Auta. Yaya ta tambayi zuciyarta, ita fa? Ita da ba ta taɓa fashin gwaji ba, ita da ta ba da ɗaki, ta ba da abinci, ta ba da riga. Sai an shanye wa mutum miji kafin a san yana bin Allah?

A gefen hagu na piyanon akwai wani ɗan maɓalli. Idan aka danna shi, yatsu suna nan inda suke amma sautin gaba ɗaya ya hau sama. An yi shi ne don a taimaki mai waƙa, a kai masa sauti inda muryarsa ke jin daɗi. Yaya kuwa ta san muryar Auta kamar yunwar cikinta. Ta san inda take zaƙi, ta san inda take tsayawa. A gwaji sun ajiye waƙar daidai ƙarƙashin wannan iyaka.

Fasto ya ce a tashi tsaye. Auta ta fito, ta ɗauki makirufo da hannu biyu, ta juyo ta yi wa yayarta murmushi.

Yaya ta danna maɓallin. Ta sake dannawa. Ta ƙara, ta kuma ƙara. Sannan ta saki yatsunta a kan piyano.

Tun a sautin farko ta ga girar Auta ta motsa. Amma ganga ta riga ta shiga, jama'a sun fara tafi, babu komawa baya.

"Ko hanya ta yi duhu, ko taya ta fashe,
Ubangiji na gaba, ni kuwa ina biye."

Ta fita lafiya, sai dai jijiyar wuyanta ta tashi. Mawaƙa suka amsa suna satar kallon juna. Yaya ta kafa ido a kan yatsunta. Baiti na gaba shi ne tudun.

"Ban ga ƙarshen hanya ba, amma na san Mai hanya,
Yabo nake, ya..."

Muryar ta tsage kamar tsohon ƙyalle. Wani ƙara mara daɗi ya fita ta lasifika, wani yaro a baya ya yi dariya aka make shi. Auta ta sake gwadawa, iska kawai ta fito. Mai ganga ya rikice ya tsaya. Tafi ya mutu hannu bayan hannu. Piyano kaɗai ya rage yana tafiya, don Yaya ta kasa ɗaga yatsunta, kuma daɗin da ta yi zaton za ta ji ta neme shi ta rasa.

Sai wata murya ta taso daga ƙasa, kakkaura, mai kaushi, kamar injin da ya daɗe ba a tayar ba.

"Yabo nake, yabo nake, har in isa gida."

Kalmomin a karkace suka fito, amma sun fito, kuma daidai kan sautin piyano suka zauna. Direba ne. Idonsa a rufe, hannunsa mai lafiya yana bugun hannun keken, yawu yana zuba kan tawul. Mutumin da tun faɗuwarsa ko ruwa bai iya roƙa da baki ba.

Auta ta taho da makirufon ta durƙusa gabansa, ta kai masa shi bakinsa. Ya sake ɗauko baitin daga farko. Ita kuma ta bi shi a ƙasa-ƙasa tana amshi, tana kuka tana dariya. Mai ganga ya dawo hayyacinsa. Abin da ya biyo baya Yaya ba ta taɓa ganin irinsa ba a duk shekarunta na ba da waƙa: tsofaffi sun fito fili suna rawa, matar Ma'aji ta zube a ƙasa ɗankwali ya yi nasa wuri, maigidanta yana share ido da hularsa, Fasto ya ɗaga hannu biyu sama. Aka yi ta maimaita waƙar har yatsunta suka yi tsami.

A lokacin ne ta tuna. Shekarun baya, idan Direba ya dawo daga tafiya ya zo gaishe su, a wannan sautin yake rera ta yana wanke mota. Auta ce ta sauke ta daga baya don ta dace da muryarta. Ita kuwa Yaya, garin neman inda ƙanwarta za ta faɗi, ta mayar da waƙar ga mai ita.

Bayan an tashi aka yi wa Yaya rumfa. Fasto ya riƙe hannunta ya ce lallai Ruhu ne ya bi da yatsunta, ya ga sakamakon biyayya yau da idonsa. Matar Ma'aji ta ce ta janye maganar ritaya. Yaya ta yi ta cewa a gode wa Allah, bakinta kamar ta tauna toka. Wata nas da ke cikin mawaƙa ta ja Auta gefe suna magana, tana nuna Direba tana nuna piyano.

Sai da jama'a suka ragu Auta ta zo. Yaya tana naɗe wayar piyano, ba ta ɗago ba. Auta ta kama ɗaya bakin wayar tana taya ta.

Ta ce nas ta gaya mata ana samun haka, wanda magana ta ɗauke wa wani lokaci waƙa ba ta ɗauke masa ba, kuma idan aka dage kullum, ta kan ja maganar ta dawo da kaɗan-kaɗan. Amma sai da kiɗa, kuma a sautin da ya saba. Ta ce ta tuna da ƙaramin piyanon da ke saman kabad ɗin Yaya, ko za ta taimaka ta riƙa kaɗa masa a gida.

"Ai kin iya waƙarki ba kiɗa," Yaya ta ce.

"Ni na iya. Shi ne bai iya ba." Auta ta miƙa mata bakin wayar. Muryarta har yanzu a dishe take. "Yaya, ke kika koya min waƙa. Babu wanda ya kai ki sanin inda muryata take tsayawa."

Yaya ta ɗago. Ta nemi zargi a fuskar ƙanwarta, ta nemi ko ɗan ɗaci da za ta riƙe ta ce ashe ke ma mutum ce. Idon Auta jajir yake da kuka, amma murmushin nan yana nan, wanda yake shigo mata ta taga kullum safiya. Kishi ya sake taso mata, sabo fil, ya fi na ɗazu zafi.

"Ki bar sautin a inda kika kai shi," in ji Auta. "Ni zan koma amshi."

Daga waje maigida ya danna ham ɗin mota. Ta ƙofa Yaya tana hango yaranta suna rigimar wanda zai tura keken Direba, shi kuma yana ta buga hannun keken da yatsu, bakinsa yana motsi.

Ta kashe piyanon, ta lulluɓe shi da mayafinsa, ta daidaita gefe da gefe fiye da yadda ake bukata. Ta rataya jakarta.

"Da wane lokaci?" ta tambaya.

"Da safe, Yaya. Lokacin da nake wanki."