Gysbert Vermaak Biyu Ne

…biyu? Ta yaya za a ce biyu ne? Magriet tana zaune a mota a ƙofar coci, makulli a hannu, ta kasa tayarwa. Takarda kawai ta zo nema, takardar baftismar kakanta, don ta ƙawata jawabin da za ta yi ranar Asabar, ranar karrama shi. Shi ke nan fa.

“Gwaggo Magriet, zauna tukuna,” in ji fasto ɗazu, ya turo mata littafin baftisma. Shekarar 1879. Gysbert Vermaak ɗan Hendrik, watan Maris. A juya shafi — Gysbert Vermaak ɗan Sarel, watan Agusta. ’Ya’yan wa da ƙane, an raɗa musu sunan kakansu ɗaya. To sai me? Rabin garin nan haka suke…

Sai dai, in ji fasto, wanda ya rubuta waƙoƙin da garin ke alfahari da su a sansanin fursunonin yaƙi, ɗan Hendrik ne. Zazzaɓi ya kashe shi a can tsibirin da aka tsare su, bai ko dawo gida ba. Kakanta kuwa, Oupa nata, ɗan Sarel ne. Sunansa ma yana rubuce, amma a wata takardar daban: jerin ’yan gari da suka riƙa nuna wa sojan Ingila hanyar gonaki, ana cinna musu wuta.

A’a. Kuskure ne. Fasto baƙo ne a garin nan, me ya sani?

Shekara talatin da ɗaya tana tsaye gaban allo. “Yara, ku miƙe, wannan waƙar kakana ne ya rubuta.” Yara nawa? Wasu yanzu da furfura, suna tare ta a kanti su karanta mata baitin farko…

Ga Oupa a baranda, yana yanka busasshen nama da ’yar wuƙarsa, ya miƙo mata a kan tsini. Tana ’yar shekara tara. “Oupa, karanta mini ta gidan da ya ƙone.” Ya kau da kai. “Ke ’yar nan, kin fi kaza surutu. Bar ni in sha kofina.” Ta ɗauka kunya ce. Kowa ya ɗauka kunya ce! Wai yaƙi ne ya karya masa alƙalami, shi ya sa bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba. Ko layi ɗaya, shekara sittin — kuma ba wanda ya tambaya?

Tsohuwar nan mai baƙar hula ranar jana’izarsa. Ta tsaya can nesa, ba ta rera komai ba, da aka sauke akwatin ta tofar da yawu ta juya. Mama ta ce, “Kar ki kalle ta, taɓaɓɓiya ce.” Wace ce? Ƙanwar ɗaya Gysbert ɗin? Ta rayu tana ji ana kiran sunan yayanta, ana tafa wa wani…

Asabar. An riga an sassaƙa dutsen tunawa da marubucin, an kafa shi gaban ɗakin karatu, an lulluɓe da ƙyalle. Ƙanenta Kobus ya yanka tumaki biyu, jikoki suna hanya daga Bloemfontein. Sunan da ke jikin dutsen daidai ne ai, ba harafin da za a goge. In ta yi shiru, wa zai sani? Fasto. Ita.

Oupa ya taɓa cewa shi ya rubuta? Tana lalube, tana lalube… bai taɓa ba. Amma bai taɓa cewa ba shi ba ne. An kawo masa lambar yabo har gida, ya sa hannu ya karɓa.

Waƙar gidan da ya ƙone… uwa a tsaye cikin toka, riƙe da butar shayi. Gonar Hendrik ke nan. Gonar tana bayan tsauni, ba a hango ta daga hanya, sai wanda ya sani. Sai ɗan gida.

Wayyo, Oupa. Gidan baffanka ka nuna musu?

Makullin ya zame ya faɗi ƙarƙashin kujera. Ba ta da ƙarfin sunkuyawa.