Rigar Baba Dabo

Rigar tana wuyan Sajo mahauci sa'ad da Inna Hajjo, matar Baba Dabo, ta iso gindin tsamiyar kasuwa tana dogara sanda. Ba ta ko dubi layin mazan da ke jiran rigar ba. Ya'u ta nufa, domin shi ya je aro.

"Ya'u, Malam ya ce in tambaye ka, azahar ɗin da kuka yi da shi, ta yau ce ko ta gobe?"

"Yanzu, Inna. Sajo na cirewa zan kawo."

"Haka ka ce tun tana jikin Datti."

Sajo ya ƙame a gaban kyamara, hannayen rigar sun zubo masa har gwiwa, don Baba Dabo mai ita dogo ne, shi kuwa Sajo da kaɗan ya ɗara buhun gyaɗa. Mai hoton ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, ya ɗaga hannu ya ce kada a motsa, ya fito ya ce an gama. Sajo bai cire ba sai da ya zaga tsamiyar, saboda matan da ke leƙe ta saman danga.

Bakin Burtali ƙauye ne tsakanin Kutama da hanyar Kabo, kuma sunansa ya fi shi girma. Tun zamanin kakanni, in saniya ta ɓace a ƙasar Gwarzo, mai ita ba ya wahalar da kansa da bin sawu, nan yake tahowa. An ce da can akwai gaskiya a maganar. Yanzu shanun garin duka, na gado da na zargi, ba su cika garke ɗaya ba. Mutane sun koma noman gyaɗa kamar kowa, amma sunan ya bi su har gaban sikeli. Akawun gyaɗa a Gwarzo yakan soki buhun kowa ya wuce, nasu kuwa sai ya sa a zazzage a ƙasa yana neman tsakuwa. Wani lokaci yakan samu.

Mai hoton, Malam Lurwanu, saurayi ne ɗan birni, wata mujalla ce ta turo shi, ya sauka daga motar gyaɗa da safe. Ya gaya wa mai unguwa ya gaji da ɗaukar dalar gyaɗa, yana so ya nuna wa duniya yadda talaka yake rayuwa. Mai unguwa ya ce talaka dai ya san yadda yake rayuwa, amma in duniya ce ba ta sani ba, bismilla. Kyamara biyu ya zo da su: babba mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle, da wata ƙarama da ke rataye a ƙirjinsa, wadda ba wanda ya ɗauke ta a bakin komai.

Sai dai ba wanda ya yarda ya tsaya da tufafin gona. Garin da ake kira na ɓarayi bai ga dalilin da zai sa a ƙara masa da na matsiyata ba. Rigar kirki kuwa ɗaya ce a garin, saƙi mai aska biyu, wadda Baba Dabo ya saya da kuɗin bijiminsa na ƙarshe. Ya'u, da katanga ɗaya ta raba gidansa da na Baba Dabo, shi aka tura, mai hoton ya bi shi.

A zaure suka same shi kwance kan tabarma, daga shi sai wando, haƙarƙarinsa a fili. Tun tsakiyar damina tari ya kayar da shi. Bayan an gama gaisuwa, an tambayi jiki ya ce da sauƙi kamar yadda ake cewa, Ya'u ya faɗi abin da ya kawo su.

"Hoton nan," in ji Baba Dabo, "ana iya kai shi Kabo?"

"Har Makka ma, Baba," in ji Malam Lurwanu.

"Kabo ta ishe ni."

Ya'u ya san zancen. Raliya, 'yar Baba Dabo ɗaya tilo, tana aure a Kabo, gidan masu sayen gyaɗa. Mijin bai hana ta komai ba, sai dai kullum ta shirya zuwa gida wani abu yakan taso. An gaya wa 'ya'yanta uwarsu 'yar Gwarzo ce, wanda ba ƙarya ba ne in mutum ya yi haƙuri da taswira. Ba su taɓa ganin kakansu ba.

"To ku ɗauka," in ji tsohon. "Amma rigar ta dawo da azahar. Ni ma a ɗauke ni a ciki. Yaran nan su ga uwarsu tana da uba, kuma ba a daji aka tsince shi ba."

Ya juya kansa wajen ƙofa yana kiran Hajjo ta buɗe adaka. A nan ƙaramar kyamarar ta yi ƙas.

"Me ka yi?"

"Haske nake aunawa, Baba."

Azahar ta yi ta wuce. Rigar ta bi ta kan mai unguwa, da liman, da Datti maƙeri, da Sajo, da mutanen da tun safe suke cewa hoto haramun ne. Ta sha zufa iri-iri. Da ta faɗo hannun Ya'u a ƙarshe, ya riga ya naɗe ta, sai Malam Lurwanu ya ce, "Kai fa?" Ya'u ya dubi rana, ya dubi bayan Inna Hajjo da ke komawa a hankali, ya ga ai kafin ta isa gida an gama. Ya zura. Ashe nauyi gare ta. Ya ji kafaɗunsa sun miƙe da kansu.

Bayan la'asar suka kai ta. Sanya wa Baba Dabo rigar ya fi ɗora wa jaki mangala wuya. Hajjo ta riƙe shi ta baya, Ya'u ya zura masa, suka jingina shi da bangon zaure daga waje, inda sauran rana take. Ya sunsuni wuyan rigar.

"Sajo ya sa wannan."

"Ya sa, Baba."

"Na ji kitse."

Ya ce a kawo masa hula. Ya ce Hajjo ta matsa, kada hannunta ya fito a ce riƙe shi ake yi. Da ta sake shi, Ya'u ya zaci zai kife, amma ya zauna cak, ya ɗora hannuwa kan gwiwa, ya haɗiye tarin da ke taso masa har idonsa ya kawo ruwa. Malam Lurwanu ya shiga baƙin ƙyalle. Daga can bakin hanya direban motar gyaɗa yana ta danna oda.

"An gama, Baba."

"Na fito?"

"Kamar hakimi."

"Kar ka haɗa ni da rigima. Kamar mutum dai." Sai tarin ya ƙwace. Da ya lafa ya kamo hannun Ya'u. "In hoton ya zo, kai za ka kai wa Raliya. Ba aike ba. A hannunta."

"In sha Allahu, Baba."

"Na san in sha Allahunka. Yau ma na gan ta da azahar."

Bai kai ƙarshen kaka ba. Wata safiya Ya'u yana ɓarzar gyaɗa a tsakar gida ya ji Hajjo ta kira sunansa ta kan katanga, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, ya ajiye abin da ke hannunsa. Aka yi masa wanka, aka kai shi kafin rana ta yi zafi. An aika Kabo. Mijin Raliya ya aiko da goro da gaisuwa, da bayanin cewa tana da tsohon ciki, hanya kuma ba kyau. Hanyar dai ita ce motocinsa ke bi kullum su kwaso gyaɗa.

Hoto bai zo ba. Mutanen gari suka yi ta tambayar Ya'u, kamar shi ya haifi mai hoton.

Ran da ya kai ragowar gyaɗarsa Gwarzo, akawu Maikuɗi bai sa an zazzage buhunsa ba. Dariya yake yi tun daga nesa.

"Mutanen Bakin Burtali, kun yi suna. Zo ka gani."

Ya jawo mujalla daga ƙarƙashin teburi ya buɗe tsakiya. Ya'u ya ga katangar masallacinsu da ta zube, an ɗauko ta daidai inda ta fi zubewa. Ya ga saniyar liman, wadda ko ɓarawo zai tausaya wa. Ya ga layin maza a tsaye da tsummokaran gona, kowa ya juya kai gefe guda yana kallon wani abu da bai fito ba. Ya gane abin da suke kallo, ya kuma gane ƙeyarsa. A ɗaya shafin, shi kaɗai, ga Baba Dabo kan tabarma, ba riga, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, ya juya fuska wajen ƙofa, bakinsa a ɗan buɗe.

"Me aka rubuta a ƙasa?"

"Turanci ne. Wai wani tsoho a garin da ko maƙwabta ba sa kwana." Maikuɗi ya gyara zama. "Sun ce kamar yana jiran mutuwa."

"Matarsa yake kira. Ina na rigar?"

"Wace riga?"

Ya'u ya ba shi labari. Maikuɗi ya taɓa zama a birni, kuma ba ya bari a manta.

"Babbar nan mai ƙyalle, in ya ɗauki mutum, yana zaro wani abu kamar allo ya sa wani?"

"Ba ya zaro komai."

"Tun safe har yamma?"

"Har yamma."

"To ai ba komai a cikinta, Malam. Akwati kuka yi wa layi." Ya yi dariya har da buga teburi, sannan ya ga fuskar Ya'u ya rage. "Wallahi kun ji kunya, a ce baƙo ya zo har gida ya yi muku irin taku."

Ya'u ya roƙi shafin. Maikuɗi ya yage masa, ya kuma ba shi aron almakashi da ya tambaya. Ya'u ya datse rubutun da ke ƙasa ya bar shi nan kan sikeli.

Ya daɗe da takardar a cikin hula. Bai nuna wa mutanen gari ba, don kowa yana da hotonsa a ransa, kuma ya fi wannan kyau. Hajjo kaɗai ya nuna wa. Ta kai ta kusa da ido, ta nisanta, ta miƙo masa.

"Wannan za ka kai mata?"

"Shi ne ban sani ba, Inna. Ya ce su ga mutum. In surukanta suka ga wannan, abin da suke faɗa ne ya zo musu a takarda."

"In ba ka kai ba fa?"

"Na ce masa in sha Allahu."

Ta shiga ɗaki, ya ji ƙarar adaka. Ta fito da rigar a naɗe cikin tsohon zane. "Da aka raba gado, wannan a rabon Raliya ta faɗa. Tunda za ka, ka tafi da ita. Na wanke Sajo daga jikinta."

Ran kasuwar Kabo ya ɗaura wa jaki ya tafi. Gidan yana da rufin kwano da buhuna jibge har bakin ƙofa. Maigidan yana wajen sikeli. Wani da ke zaune kan buhunan ya tambaye shi daga ina, ya ce daga Gwarzo, ya ji kunyar yadda abin ya zo masa da sauƙi. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure na biyu. Raliya ta fito da goyo, ta durƙusa daga gefe.

"Kawu Ya'u, sannu da hanya. Ya Inna? Ya haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa... namu ne duka." Ya gyara murya. Suka bi gaisuwar har ƙarshenta, suka sake wata, don ba wanda yake son abin da ke bayanta. Sannan ya tura mata ƙunshin. Ta kwance, ta ga saƙin, ta sa tafin hannu a kai ta bar shi nan.

"Akwai kuma saƙo. Ya ce a hannunki." Ya cire hula ya zaro takardar. "Ba haka ya so ba, Raliya. Ya sa rigar, ya zauna da kansa ba mai riƙe shi, ni na gani. Mai hoton ne bai ɗauka ba."

Ta buɗe. Ta daɗe tana kallo. Goyon ya motsa, ta jijjiga shi ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Haka ya koma?"

"Haka."

"Wa yake kira?"

"Innarki. Ta ɗauko rigar."

Daga cikin gida ana jin yara suna faɗa kan wani abu, wata tsohuwa tana tambaya wane baƙo ne. Raliya ta ajiye takardar kan tabarma ta lallashe ta da gefen hannu. Ta warware rigar, ta shimfiɗa ta a kai, hannu ɗaya ya kai bango, ɗayan ya hau ƙafar Ya'u. Ta yi ta jan wuyan a hankali, ta matse shi da yatsu, har haƙarƙarin ya shige ƙarƙashin aska, tabarmar hoton ta ɓace, ba abin da ya rage sai fuskar, 'yar ƙarama a tsakiyar saƙin, tana kallon ƙofa.

Ta goge ido da bakin mayafi, ta juya wajen cikin gida.

"Sanusi, Asiya. Ku wanke hannu ku zo ku gaida kakanku."

Ya'u ya janye ƙafarsa daga ƙarƙashin hannun rigar, ya gyara shi ya kwanta daidai.