Labulen da Yaya ta bari a kan tebur

Mu biyu muke aikin, ni da Yaya. Ni ce mai rini. Wurina tsakar gida, tsakanin tukwanen baba na shuɗin rini da ɓawon albasa da na rumman da nake dafawa su ba ni launi. Ita kuma tana ɗakin bugu, inda dogon tebur yake, tana tsoma hatimin katako a launi tana dangwala shi a kan farin yadi. Yadin ma ba na kanti ba ne, wasu masaƙa ke kawo mana, na audugar da ba ta taɓa ganin feshin magani ba. Mijinta masassaƙi ne, shi ke sassaƙa mana hatiman.

Yaya bahaguwa ce. In ta ɗora hatimi sai ta doke shi da dunƙulen hannu sau biyu, dum dum, sannan ta ɗaga. Furanninta kullum sun ɗan karkata, har nakan tsokane ta in ce duk masu ciwon wuya ne.

Ranar da ta rasu, tun da hantsi ta leƙo ta ce kanta yana sara mata. Muna da aikin wata malamar makaranta, dogon labule mai shuɗɗan furanni.

Na ce, "Ke dai Yaya, in aiki ya yi yawa sai kanki ya tuna da ke. Ki daure ki ƙarasa, launin zai bushe a faranti."

Ta yi dariya ta koma. Da rana ta take na lura shirun ya yi yawa. Na same ta zaune a ƙasa, ta jingina da ƙafar tebur, hatimin a cinyarta. Kafin a kai asibiti ta cika.

Ban gaya wa kowa abin da na ce mata ba. Bayan kwana uku na shiga ɗakin, na tsaya a kan labulen na ƙirga inda ta tsaya. Layi ashirin da uku. Na ja ƙofa na sa kwaɗo. Malamar ta aiko cewa kada in damu, ba ta gaggawa.

An yi wata biyu. Wata rana da rana tsaka ina tsaye a kan tukunyar baba, hannuwana cikin ruwa har gwiwa, sai na ji ta bango: dum dum. Aka yi shiru. Dum dum.

Na tsaya ruwan yana ɗiga daga yatsuna. Inna, mahaifiyarmu, tana zaune a inuwa tana tsince ɓawon albasa.

"Inna, kin ji wani abu?"

"Ni da kunnena ya daɗe da ajiye aiki?" Ta ɗan ɗaga hanci. "Amma ƙanshin launin yayarki nake ji. Kin buɗe ɗakin ne?"

Na ce a'a.

Sai washegari na iya buɗewa. Komai yana inda na bar shi, sai dai labulen ya ƙaru. Akwai sababbin furanni a ƙasan nata, sun karkata yadda nata suke karkata. Na shafa na ƙarshe, launin ya kama mini yatsa. Na fito na mayar da kwaɗon, na wanke yatsan da toka har fatar ta yi ja.

Daga nan abinci ya daina shiga mini. Da rana ta kusa tsakiya sai in ƙirƙiro wani aike in bar gidan. Na ƙona ɓawon rumman tukunya guda. Baban ma ya lalace, kumfarsa ta mutu, duk abin da na tsoma sai ya fito fari-fari. Inna ta ce, "Auta, tukunyar nan ta san ba kya tare da ita."

Ranar Laraba na ce ba zan fita ba. Na ɗauki kujera na zauna a bakin ƙofar ɗakin, mabuɗi a hannuna. In Yaya ce, to ina da maganar da zan gaya mata. Can na ji motsi, na ji an goga hatimi a faranti. Dum dum. Na cire kwaɗon na tura ƙofar.

Mijin Yaya ne. Ƙofar baya, wadda ke fita lungu inda masaƙa ke sauke yadi, tana buɗe, mabuɗin Yaya yana lilo a jikinta. Ya riƙe hatimin da hannun hagu, riƙon da bai iya ba. Ya rame, garin katako duk a gemunsa.

Na ce, "Malam, ka kusa kashe ni."

Ya ajiye hatimin. "Ki yi haƙuri, Auta. Kin san war haka nake rufe shago in zo mu ci abinci da ita. Ƙafata ba ta daina ba. In na zo kuma ba na iya zama haka kawai, shi ne nake yin layi ɗaya in tafi."

"Da hagu?"

"In na yi da dama sai su miƙe. Kada in ɓata mata aiki."

Na zauna a ƙasa, na gaya masa abin da na ce mata ranar. Ya saurare ni har na gama, yana kallon farantin launi.

Ya ce, "Ni ma ta gaya mini kanta yana ciwo tun kafin in fita. Na ce ta sha magani, na ɗauki jakata na tafi. Ba ke kaɗai ba ce."

Don in sami abin cewa na tambaye shi sau nawa ya zo.

"Yau na shida ke nan."

Na tashi na bi layukan da yatsa. Na sake bi. Nata ashirin da uku, nasa shida, amma talatin na samu. Shi ma ya ƙirga, ya samu talatin.

Ya ce, "Wataƙila tun farko kin yi kuskure."

"Wataƙila."

Amma duka mun ga abin da muka gani. Nasa duk sun ɗan goge a gefe, inda hannun da bai saba ba ya zame. A tsakiyarsu, tsakanin na ukunsa da na huɗu, akwai layi ɗaya fes, ba ko ɗigo a waje. Ya daɗe yana kallonsa. Ya kai hannu kamar zai taɓa, ya fasa.

Ba mu sake maganar ba. Cikin mako guda muka ƙarasa labulen, yana bugawa ina dama masa launi, ƙofofin biyu a buɗe, Inna a bakin ƙofa da farantin ɓawonta. Na wanke shi, na shanya, na kai wa malamar. Ta rungume shi ta yi mana addu'a. Daga ranar mijin Yaya ya ba ni mabuɗin ƙofar baya, ya daina zuwa da rana. Hatimai kam har yanzu shi ke sassaƙa mana, ni kuma na koyi bugu. Na zubar da tsohon baban na haɗa sabo, ya kama.

Gidan malamar yana kan hanyar da nake bi in zan je wurin masaƙa. Ta rataya labulen a tagar bene, ana hango shi tun daga kwanar titi. Akwai wata hanyar ta bayan asibiti, ta fi nisa da kusan minti goma. Ita nake bi yanzu.