Yadda Na Kai Kunu Ta Dukkan Hanyoyi

Daren jiya, bayan na rufe littafin da na shafe wata uku ina kokawa da shi, na yi wani mafarki. Littafin yana koyar da cewa ƙwayar zarra, idan za ta tashi daga wani wuri zuwa wani, dukkan hanyoyi take bi a lokaci guda, sannan lissafi ya haɗa su, wasu su ƙarfafa juna, wasu su shafe juna.

Na tsinci kaina da hantsi a tsakar gidan Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifina. Ruwa yana tashi daga ƙasa zuwa gajimare, ita kuwa ta rataye bokitai a kife tana tara. Ta miƙo mini kwanon kunun tsamiya.

"Lurwanu, kai wa Baffanka Ilu. Kwana biyu bai sa komai a bakinsa ba, wannan kaɗai ya ce zai sha. Kada ya huce."

Gidan Baffa yana tsallaken titi. A bakin titin wata zabuwa ce ke ba da hannu, sanye da tabarau, ɗige-ɗigen jikinta duk lambobi ne.

"Ta ina za ka bi?" in ji ta.

"Ta nan, ranki ya daɗe. Ga gidan can."

"Duk bokon nan naka? A nan ba a zaɓen hanya, duka za ka bi. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka amsa gaisuwar kowa. Wanda aka gaisa da shi an gan shi, wanda aka gani kuwa hanya ɗaya ta riƙe shi."

Ina ɗaga ƙafa, sai na yawaita. Wani ni ya tsallaka titi kai tsaye, wani ya bi ta kasuwar kifi, wani ya ratsa ta cikin rijiya, wani ya zagaya ta Agadas a bayan motar albasa, kowanne da kwanonsa. Ban ji tsoro ba. Ni da na saba kwana ina juya tunanin hanyar da zan ɗauka a rayuwa, yau an yafe mini zaɓi, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

A kan hanya mafi tsawo, can bayan Agadas, wani tsoho yana zaune a gindin aduwa yana ɗinkin takalmi. Ya ɗago kai.

"Sannu da rana, samari."

Na tuna zabuwa, na tuna kunu, na ƙara taku biyu. Amma gwiwoyina ba su karanta littafin ba. Tuni sun kai ƙasa.

"Yauwa Baba, sannu da aiki."

"Ya gida? Ya mutanen gida? Ya zafin nan?"

Kafin mu gama, na daina jin sauran ni ɗin da ke kan wasu hanyoyin. Na rage ni kaɗai, da yashi, da tafiyar kwana arba'in. Na yi ta a ƙafa, kwano a ka.

Da na isa, ko azahar ba a kira ba, amma kunun ya daskare. Baffa Ilu yana kwance a zaure, ya rame. Na durƙusa na fara ba shi haƙuri.

"Bar wannan," ya ce. "Tun hantsi kake ta shigowa, kai wajen dubu, kowanne da kunu mai tururi. Da wannan ya miƙo sai wancan ya shafe shi, in kai hannu in damƙi iska. Kuma ko ɗaya a cikinku bai yi mini sallama ba."

"Baffa, ya huce."

"Ya huce, amma akwai shi. Miƙo ludayi."

Ya tashi zaune ya sha, ya yi gyatsa, ya ce in kankaro masa na gindin kwano. Ina cikin kankarewa ƙarar ta yi ta ƙaruwa har na buɗe ido: maƙwabciyarmu ce ke kankare tukunyar tuwo a bayan tagata.