Ƙararrawar da Ba Ta Tsaya Ba

Tun da sassafe Najiba ta kulle mahaifiyarta a ɗaki, ta jefa makullin a aljihun riga. Ba mugunta ba ce. Tsohuwa Shimuni ta rikice, kwanan baya ma a gonar kankana aka tsinto ta tana neman mijinta da ya daɗe a kabari. Yau kuwa babu mai zama da ita, kowa yana gidan sistoci, matan nan masu zaman zuhudu na coci. Shekara ɗari ke nan da sistocin farko suka taso daga Faransa, suka iso Tel Marga a kan alfadarai suka buɗe makarantar 'yan mata, an kuma ce biki za a yi na kece raini.

Duk da haka hankalin Najiba bai kwanta ba. Tana madafin sistoci tana naɗe shinkafa da nama a ganyen inabi, amma bini-bini hannunta ya koma aljihu.

"Ke Najiba, makullin nan ƙafa gare shi?" in ji maƙwabciyarta Warina. "Ko saurayi kika ɓoye a ɗakin?"

"Saurayi mai haƙori biyu ba. Bari dai a kai wa Bishop abincinsa in je in leƙa ta."

"Bishop ɗin da ya fara da kaji tun kafin addu'a? Ai sai yamma, 'yar uwa."

Ta taga suna hango farfajiya cike da jama'a. 'Yan makaranta na waƙa, ga kuma baƙin da suka zo daga Faransa, shugabar sistocin da 'yan rakiyarta, rana ta mai da su jajaye, sai ɗaukar hoto suke yi kamar ba su taɓa ganin mutum ba.

Akwai abu ɗaya da ba a gaya wa baƙin nan ba. Tun da mutanen Tel Marga suka dawo daga gudun hijira, ƙararrawar coci uku-uku ake kaɗa ta, a huta a tsakani, ko aure ne ko mutuwa. Idan ka ji ta babu tsayawa, ɗauki abin da hannunka ya kai ka kama hanyar birnin Arbil, domin haka aka kaɗa ta ranar da mayaƙa masu baƙar tuta suka nufo garin. Ko yaron goye ya san wannan, shi ya sa babu wanda ya tuna cewa abin faɗa ne.

Da rana ta take, ƙararrawa ta ɗauka. Najiba ta saurari inda za ta huta, ba ta huta ba. Ta ci gaba, tana ƙara sauri. Cokalin hannun Warina ya faɗi cikin tukunya.

"Ya Uwa Maryamu," in ji Warina a hankali, "sun dawo."

Najiba ba ta san lokacin da ta fita ba. Ta zuba da gudu. Gidanta yana ƙarshen gari, ta ɓangaren da mutanen can suka shigo wancan karon, don haka kowa na gudu gabas ita kaɗai ta nufi yamma. Mata na ƙwala kiran 'ya'yansu. Wani dattijo ya wuce ta rungume da tukunyar gas. Behnam mai gyaran taya ya ci burki a gabanta, bayan motarsa maƙil da mutane.

"Najiba, hau! Ina za ki? Kin haukace ne?"

"Mama na kulle a ɗaki!"

Ya kawar da kai ya ja motarsa. Ba ta ga laifinsa ba.

Ta kusa kwanar gidansu ƙararrawar ta yanke. Sai ga muryar Fada Toma a lasifikar coci, yana haki: "Jama'a ku dawo! Babu kowa, babu abin da ya faru! Baƙuwarmu ce ta kama igiya don murna, haka suke yi a ƙasarsu. Don Allah ku dawo!"

Najiba ta ji, amma ba ta daina gudu ba. Lasifika ba ta nufin komai a kunnen Shimuni. Ƙararrawa kuwa ta san ta.

Da ƙyar makullin ya shiga. Ta tura ƙofar, ta ƙi buɗuwa, akwai abu mai nauyi a bayanta. "Mama!" Shiru. Ta sa kafaɗa ta tura a hankali, tana roƙon Allah kada ya zama abin da take zato, har ta samu ta kutsa.

Shimuni na zaune a ƙasa, jingine da ƙofar, da ranta. Ta sa takalmanta, ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci, ta rungume hoton Maryamu. Faratanta sun kakkarye, ga jini a jikin katakon inda ta yi ta yaƙushi.

Najiba ta durƙusa ta kama hannayen. "Mama, ba komai, kuskure aka yi. Babu wanda ya zo."

Tsohuwar ta dube ta da ido garau, yadda ta daɗe ba ta dubi kowa ba.

"Na ji motoci suna tafiya," ta ce. "Na yi ta kiran ki. Kin kulle ni kin gudu."

"Wallahi wurinki na taho, Mama."

"Kin kulle ni."

Da yamma Fada Toma ya kawo baƙuwar, tana kuka tana ba da haƙuri da harshenta. Shimuni ta yi mata murmushi, ta ce a ba ta shayi, kafin gari ya waye ta manta da ita. Ta manta da bikin, ta manta da ƙararrawar. Amma daga ranar, duk lokacin da Najiba ta miƙe, ko ruwa za ta ɗebo a tsakar gida, sai tsohuwar ta cafke gefen rigarta da yatsun nan masu bandeji, ba tare da ta gane ta ba, ta ce, "Yarinya, kar ki bar ni da Najiba."