Waya ta Huɗu

Ranar da Radames ya shigo da akwatin nan, surukinsa Don Fulgencio ya daɗe a kwance. Shanyewar ɓarin jiki ta ƙwace masa hannu da ƙafa da harshe, ta bar shi da ido da kunne. Mutumin da in ya shiga filin faɗan zakaru na garin Moca kowa sai ya miƙe, yau sai an juya shi kamar waina.

Akwatin bai fi tafin hannu biyu ba. Waya huɗu ke shiga bayansa, biyu na fita, ɗaya zuwa ƙatuwar talabijin ta falo, ɗaya ta huda bango zuwa wadda aka kafa a ƙafar gadon tsohon. Ta farko dikoda ce, ta biyu na'urar fim, ta uku ta wasan yara. Ta huɗu kyamarar tsakar gida, inda Kanar yake ɗaure. Shi ne zakaran da ya rage wa tsohon, kuma shi kaɗai ya rage masa a duniya.

"Baba, ka ga zamani?" in ji Radames, yana kaɗa rimot. "Kowane ɗaki da abin kallonsa. Ka tuna da nake neman 'yarka, kana sa ni kallon wasa a talabijinka ta taga kamar akuya? To, ga taka tagar."

Rimot ɗin a aljihunsa yake kwana. Ana tsakiyar wasa sai ya mayar wa tsoho da zanen yara, ya yi ta ƙyaƙyata dariya daga falo. Tsohon ya haɗiye duk wannan, muddin da safe za a danna masa ta huɗu. Hoton tangaran yake, har gashin wuyan Kanar ana iya ƙirgawa.

Wata Lahadi da hantsi Radames ya leƙo da wuƙa a hannu.

"Yaniris na marmarin farfesu, Baba. Na ce mata ina amfanin zuwa kasuwa, ga nama na yawo a gida?"

Ya danna rimot ya fice yana fito. Garin sauri, maɓallin da ya danna na tura hoto ɗaya ne zuwa talabijin biyun. Tsohon ya ji kiɗan wasan kwaikwayon da 'yarsa Yaniris ke kallo a falo ya ɗauke ɗif.

Ashe tana gani! Yaniris, wadda tana ƙarama take watsa wa kakan Kanar masara. Yanzu za ta zabura, yanzu zai ji silifas ɗinta ya nufi tsakar gida.

A talabijin, Radames ya kwance zakaran ya taka fukafukansa. Bai yi gaggawa ba. Ya ɗago kai ya ɗaga wa kyamara hula.

Kujera ta yi ƙara a falo. Taku ya biyo baya, amma ba ƙofar tsakar gida ya nufa ba, wajen akwatin ya tsaya. Ƙit. Kiɗan wasan kwaikwayo ya dawo, har Yaniris ta ƙara murya. Tasa talabijin ba ta taɓa ba.

Wuyansa ba ya juyuwa. Rufe ido kuwa ya ƙi yi, don bai taɓa barin zakaransa ya mutu ba ya kallo ba. Kyamarar ba ta ɗaukar sauti. Ƙafafun Kanar suka yi ta shure iska shiru.

Da rana ta take Yaniris ta shigo da kwano yana tururi. Ta gyara masa filo, ta ɗaura masa tsumma a wuya. Ya datse leɓɓansa da ɗan ƙarfin da ya rage.

"Haba Baba, kar ya huce," ta ce, tana hura cokali. "Ranar da Mama ta cika a asibiti, wajen zakaru aka je aka nemo ka. Ai ka fi kowa son su. Buɗe baki."