Saƙon Kefas a Kwandon Shara

Rahila sakatariya ce a wata makarantar kuɗi da ke Chaza. Wata biyar ke nan ba ta ji ɗuriyar ƙanenta Kefas ba, tun da wani kamfani ya ɗauke shi aikin kwamfuta a wata ƙasa can gabashin Asiya. Makon farko ya kira sau biyu, yana yaba abinci da tsaftar titi. Daga nan layi ya mutu. Mahaifiyarsu Naomi kuwa kullum da yamma sai ta tambaya, ita kuma Rahila ta ce ai aiki ne ya yi masa yawa, alhali ita ma ba ta san halin da yake ciki ba.

Wannan ne ya sa ta koyi leƙa kwandon shara na imel ɗinta, inda na'ura ke jefa saƙonnin 'yan damfara, ko Allah zai sa nasa ya faɗa can bisa kuskure. Ba ta taɓa samun nasa ba. Abin da take samu dai abin dariya ne, har Sa'ida, malamar lissafi, ta mai da ofishin wurin cin abincinta don a karanta tare.

Wata Laraba Sa'ida ta jawo kujera, da ledar masa a hannu, ta ce, "Malama Rahila, yau wane attajiri ne ya mutu ya bar mana gado?"

Rahila ta buɗe na sama. Da Hausa aka rubuto shi, irin wadda inji ke fassarawa. Ta karanta a fili: "Aboki mai tsada, ni ce matar marigayi janar, ina mutuwa a hankali tare da gaisuwa mai ɗumi. Likita ya ba ni wata uku da kuma firji bakwai."

Sa'ida ta yi dariya har ta ƙware. "Firji bakwai. To a ba mu ɗaya mana, mu sa ruwan leda. Me ya sa suka rubuta kalmar 'kyauta' da ɗigo bayan kowane harafi?"

"Don kada na'urar tacewa ta gane kalmar. Dubi ƙasa ma, suna zuba kalmomi barkatai da rubutu dishi-dishi, wai saƙon ya yi kama da hirar mutane."

Ta ja shafin ƙasa don ta nuna mata. Labule, jirgi, tumatir, agogo, taga, Lambata. Hannunta ya tsaya. Ina baƙon da ke ƙetaren teku ya san Lambata? Ta matso da fuska kusa da allon, ta ci gaba da bin layin da yatsa. Tsintsiya, taya, ta, fashe, kujera, Yaya, gishiri, sun, karɓe, fasfo, bokiti, ba, fita.

Suna yara, tayar motarsu ta taɓa fashewa a Lambata a hanyar Minna, Kefas ya yi ta kuka don ya zaci a nan za su zauna har abada. Ban da 'yan gidansu babu wanda ya san wannan labari.

"Lafiya kuwa?" in ji Sa'ida. "Me kika gani?"

"Kefas ne." Rahila ta nuna mata layin da yatsa.

Sa'ida ta ajiye masar, ta karanta da kanta sau biyu. Sai suka koma baya, suka shiga buɗe tsofaffin saƙonni ɗaya bayan ɗaya. Akwai na mai sayar da maganin sanƙo da ya yi alkawarin gashi zai tsiro "har a kan maƙwabtanka". Akwai na wani banki da ya ce asusunta ya kamu da mura. Duk sun yi musu dariya a makon jiya, ba wanda ya duba ƙasa. A ƙarƙashin na sanƙon suka tsinci sunan wani gari da kalmar kogi. A ƙarƙashin na bankin suka tsinci: gini, shuɗi, hawa, shida, kada, ki, amsa. Kwandon kuwa yana share duk abin da ya wuce kwana talatin. Rahila ta tuna watanni huɗun da aka riga aka share saƙonninsu.

Yatsunta suka nufi wurin mayar da amsa. Sa'ida ta riƙe mata hannu. "Ya ce kada ki amsa. In suna duba abin da ke shigowa fa? Ki buga su a takarda tukuna."

Suka buga shafi tara, suka ja layi da jan biro a ƙarƙashin kalmomin. Rahila ta nemi izini wurin shugaban makaranta, ta hau motar Abuja zuwa ofishin da ke kula da safarar mutane. A cunkoson hanya ta rungume fayil ɗin a ƙirji, tana tunanin yadda za ta ce wa jami'i ƙanenta yana ɓoye a cikin tallan maganin sanƙo. Matar da ta karɓe ta ba ta yi dariya ba. Ta ce ba shi ne na farko ba, ana kulle samari a irin waɗannan gine-gine a tilasta musu aika saƙon damfara. Ta kwafi sunan garin, ta ce a yi haƙuri, abin yakan ɗauki lokaci.

Da yamma Rahila ta zaunar da Naomi ta faɗa mata gaskiya. Tsohuwar ta ce, "Yana da rai ke nan. To, mu yi addu'a."

Saƙo biyu suka ƙara zuwa, sai shiru na mako bakwai, wanda Rahila ta rame a cikinsa har siket ya fara yi mata yawa. Ranar wata Litinin tana cikin buga jarrabawar aji uku, baƙuwar lamba ta kira. Kefas ne. An kai samame a ginin, yanzu yana ofishin jakadanci tare da wasu 'yan Nijeriya goma sha ɗaya, an ba shi minti biyu. Ya ce yatsunsa biyu sun karye amma suna warkewa.

"Yaya, Mama ta sani?"

"Ta sani. Kada ka kashe, bari in haɗa ka da ita."